Afara, Maɗaci da Kirya: Yadda Muka Zaɓi Kayan Haɗa Jitar Lantarki ta Bahago

Mai haɗa gurmi ko goge ba ya fara aiki da wuƙa, da zaɓe yake farawa. Zai duba ƙwarya ya ƙwanƙwasa ta, ya ɗaga fatar guza ya hango ta a rana, ya tsefe tsagiya ya fitar da gashin da ya yi rauni. Idan zaɓen nan ya ɓaci, duk gwanintar hannun da za ta biyo baya ba za ta ceto kayan kiɗan ba. Jitar lantarki, duk da cewa a Amurka aka haife ta kuma masana'antu ne suka raine ta, ba ta kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba. Wanda ya ƙudura haɗa tasa da hannu, maimakon sayen wadda aka ƙera da dubbai, zai tsaya gaban zaɓe iri uku: itacen da zai sassaƙa, da na'urar da za ta mayar da motsin tsirkiya ya zama lantarki, da kuma ƙarafan da za su riƙe komai a muhallinsa. Kuɗin aljihu ba ya isa a ba kowannensu haƙƙinsa cikakke, don haka tilas a san wanda za a fifita.

Abin da ya jefa ni cikin wannan sha'ani shi ne ɗan ƙanwata, wanda bahago ne. Ya koyi kiɗa da jitar aro, yana kifa ta yana bugawa tsirkiyoyi a birkice, mai kauri a ƙasa, siririya a sama. Mun zaga shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano ba mu sami ta bahago ko ɗaya ba, wadda kuma za a yi odarta daga waje farashinta ya fi ƙarfin albashin malamin jami'a. A gida ma ba kowa ne ya yi na'am da lamarin ba. Hannun hagu da kiɗa abubuwa biyu ne da al'adarmu ba ta cika sakar wa fuska ba, ga shi kuma sun haɗu a kan yaro ɗaya. Mahaifiyarsa ta yarda ne bisa sharaɗin cewa ni zan tsaya a kai, kuma kuɗin da ya tara na shekara biyu ba za su salwanta ba. Shi kuwa hujjarsa guda ce, ya ce mini, "Kawu, ai Mdou Moctar ma bahago ne." Gaskiyarsa. Wannan makaɗin Abzinawa na jihar Tawa a Nijar da hagu yake kiɗa, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a shekarar 2008. Salon kiɗan Agadas, mai tsinin sauti da saurin yatsu, shi ne abin da yaron yake bi, kuma wannan buri ne ya yi mana jagora a kusan kowane zaɓe.

Kafin in shiga batun itace, ya kamata in daidaita kalmomi da mai karatu, domin a nan ma sai da muka yi zaɓe. Wasu sassan jita Hausa ta riga ta raɗa musu suna tun a jikin garaya da goge. Tsirkiya tsirkiya ce. Abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jiki kuwa jaki ne, kuma ban san wani harshe da ya fi mu dacewa da sunan ba, tunda aikinsa ɗaukar kaya ne ba ya gunaguni. Wuya, da kai, da jiki, duk sun zauna daram. Allon da yatsu ke dannawa na kira shi allon yatsu, ƙananan ƙarafan da aka gicciya a kansa kuma matakai. Inda na daɗe ina juyayi shi ne na'urar maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Makaɗan Sabon Gari fikof suke ce mata, amma a kunnen Bahaushe fikof mota ce a-kori-kura. Na so in kira ta kunne, sai na ga sunan zai yi ƙarya, domin ba ta jin sautin da ke cikin iska ko kaɗan: ka yi ihu a bakinta ba abin da zai fito ta lasifika in dai an haɗa ta da kyau. Abin da take yi shi ne tatsar lantarki daga motsin ƙarfe. Saboda haka na tsaya a kan matatsi, jam'i matatsai, kuma ina maraba da gyaran masana ƙirar kalma.

Wannan bambanci tsakanin kunne da matatsi shi ne tushen gardamar da ta fi kowace zafi tsakanin masu haɗa jita: shin itacen jiki yana da tasiri a kan sautin jitar lantarki? A gurmi tambayar ba ta tasowa, domin ƙwarya da fata su ne bakin da ke magana, tsirkiya tana girgiza jaki, jaki ya girgiza fata, fata ta girgiza iska. A jitar lantarki an yanke wannan silsila da gangan. Wadda George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar kasuwa a 1932 jikinta na alminiyam ne, ba itace ba. Les Paul, wajen 1940, gungumen katako ya ɗauka ya ɗaura wa wuya da matatsai, domin ya nuna cewa jiki marar rami ya fi barin tsirkiya ta daɗe tana motsi. Leo Fender, wanda ya fitar da Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, ba makaɗi ba ne, kuma da kamfaninsa ya koma amfani da itacen alda a yawancin jitocinsa a 1956 maimakon ash, sauƙin samu da sauƙin fenti ne suka ja shi. Itatuwan da a yau ake ambata da girmamawa kamar wasu waliyyai, asalinsu su ne waɗanda suka fi kusa da ƙofar masana'anta.

A 2022 wani makaɗi a Nashville mai suna Jim Lill ya yi gwajin da ya tayar da ƙura: ya riƙa cire sassan jita ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga ɗaure tsirkiyoyi tsakanin tebur biyu, babu jiki sam, matatsi kawai a ƙarƙashinsu, sautin da ya fito kuma da ƙyar ake bambanta shi da na cikakkiyar jita. Manfred Zollner na Jamus, a babban littafinsa kan kimiyyar jitar lantarki, ya kai ga matsaya makusanciya ta hanyar awo. Ni dai ra'ayina, bayan karatu da kuma taɓawa da hannu, shi ne itace yana da tasiri amma ta hanyar ragi. Ba ya ƙara wa tsirkiya komai, sai dai ya sha wani abu daga ƙarfinta, kuma wuya, da yake siriri ne mai lanƙwasuwa, ya fi jiki shan wannan ƙarfi. Abin da ya kamata a tambayi itacen jiki shi ne nauyinsa a kafaɗa, da yadda yake riƙe sukuru, da yadda yake karɓar sassaƙa. Abin da za a tambayi itacen wuya ya fi haka tsanani.

Jiki bai ba mu wahala ba. A kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa afara tana nan jibge, ana yin silin da ƙofofin araha da ita, ba wanda yake ɗaga mata gira. Wannan itace, Terminalia superba a harshen masana tsirrai, shi ne wanda kamfanin Gibson ya yi wa laƙabi da korina ya ƙera jitocin Flying V da Explorer da shi a 1958, waɗanda a yau suna cikin mafiya tsada a duniya. Da na faɗa wa kafintan da muka yi aikin da shi, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, wannan da muke yin kantar shago da ita?" Mun zaɓi falanki mai kaurin da za a goge ya dawo milimita 45, marar ƙulli, marar ramin ƙwaro, muka ɗaga guda shida muka ɗauki mafi sauƙi. Yaron siriri ne, kuma wanda zai tsaya awa uku a wurin biki da jita rataye, bambancin kilo uku da rabi da kilo huɗu da rabi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Mun jingine falankin a ɗaki wata biyar kafin mu taɓa shi, domin katakon kudu yana isowa Kano da ruwan kurmi a jikinsa.

A kan wuya ne na fi daɗewa, domin a nan yanayin ƙasarmu yake shigowa da ƙarfinsa. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 45 zuwa 50, wato kusan buhun siminti, dare da rana, shekara da shekaru, a kan itacen da kaurinsa bai wuce santimita biyu da 'yan kai ba. Littattafan masu haɗa jita suna cewa a busar da itace har ruwan jikinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin 100, kuma a ajiye jita inda laimar iska take tsakatsaki. An rubuta su ne domin gidajen da ake daidaita iskarsu da na'ura. A Kano laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, sannan ta haura kashi 70 a watan Agusta. Itace yana shan wannan laima yana kumbura, yana fitar da ita yana tsukewa, kuma ba daidai yake yi ta kowace fuska ba. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ke ƙin rufuwa da damina, ta kuma riƙa lilo da rani, ya san abin da nake nufi. A ƙofa wannan ɗan ɓacin rai ne kawai. A wuyan jita, karkatar rabin milimita ta isa ta sa tsirkiya ta kwanta a kan matakai tana zizza, ko ta yi nisan da yatsa zai gaji da danna ta.

Fender da itacen mefil na Arewacin Amurka ya yi wuyoyinsa, Gibson kuma da mahoganin Amurka ta Tsakiya. Mu muna da ɗan'uwan mahogani a bakin titunanmu: maɗaci, Khaya senegalensis, wanda ɗacinsa ya shiga karin maganarmu. Yana da ƙarfi da nauyi fiye da danginsa na kurmi, amma zarensa a sarƙe yake, kuma ɗanyensa yana murɗewa idan yana bushewa. Dabarar da muka bi ita ce neman tsohon itace. Mun sami ƙafar wani gadon maɗaci da aka yi tun kafin a haifi yaron, wanda ya ga hunturu sama da talatin, duk murɗewar da zai yi ya riga ya yi ta. Ba mu muka fara ba: Brian May na ƙungiyar Queen da mahaifinsa, a farkon shekarun 1960, daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki suka fitar da wuyan jitar da ya yi suna da ita. Kafinta ya tsaga itacen gida uku a tsaye, ya juya na tsakiya, ya haɗe su da gam, ta yadda idan ɗaya ya so karkata dama, maƙwabcinsa zai ja shi hagu. A cikin wuyan muka binne sandar ƙarfen da ake ɗaurewa ko sassautawa domin daidaita lanƙwasa, dabarar da wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya yi wa rajista a farkon shekarun 1920. Na nace a sayi mai aiki ta fuska biyu, wadda ke iya tura wuya gaba ko baya, ko da yake ta fi tsada, domin a ƙasar da yanayi ke juyawa haka, wuya yana iya gudu ta kowane ɓangare.

Allon yatsu ya kai ni ga wani karatun da ban yi niyya ba. Itatuwan da aka saba amfani da su, rozwud da eboni, duk suna cikin matsala. An haramta cinikin rozwud ɗin Barazil tsakanin ƙasashe a 1992 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sauran danginsa kuma aka sa musu takunkumi a Janairun 2017, kafin a sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera a 2019. Mafi yawan ebonin da ke kan jitocin duniya daga Afirka yake fita. Kamfanin Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar yankan eboni a Yawunde ta Kamaru a 2011, kuma ɗaya daga cikin masu kamfanin a lokacin, Bob Taylor, ya bayyana cewa masu sara sun shaida masa suna kayar da bishiyoyi kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙin ciki tsantsa, sauran a bar su su ruɓe a daji saboda kasuwa ba ta son mai ratsi. Na so mai karatu ya tsaya a kan wannan: bishiyoyi tara suna mutuwa saboda launi, alhali yatsa ba ya ganin launi.

Namu na gida ma ba su tsira ba. Maɗobiya, Pterocarpus erinaceus, wadda ake yin sandunan balafon da ita a Mali da Gini, ita ce ta fi dacewa da allon yatsu a duk itatuwan da na sani a yankinmu. Amma ita ce aka yi wa wawaso a dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta ana lodi zuwa Sin, har aka sanya ta cikin jerin CITES a 2017. Maɗacin kansa ya shiga jerin bayan taron Panama na 2022. Kanya dangin eboni ce ta jini, sai dai baƙin cikinta kaɗan ne, kuma ban ga dalilin da za a kayar da bishiyar da yara ke shan 'ya'yanta saboda allo mai tsawon rabin mita ba. Wani dattijo masassaƙin turmi ne ya warware mana. Da na kwatanta masa abin da nake nema, itace mai tauri da ba ya cinyewa da guga, ba ya tsoron gumi, sai ya shiga rumfarsa ya jawo wani guntun kirya da ya ce ya fi shekara goma a ajiye. Na ce, "Baba, ba za ta tsage ba?" Ya ce, "Ɗana, abin da ya jure taɓarya, yatsa ne zai gagare shi?" Kirya ta cinye wa kafinta bakin zarto, amma da aka goge ta sai ta fito ja mai duhu, santsi kamar an shafa mata mai.

Tsawon tsirkiya daga ƙaramin jakin da ke kusa da kai zuwa babban jaki mun ɗauki na Fender, milimita 648, maimakon na Gibson da ke wajen 628, domin tsawon yana ƙara ɗaurin tsirkiya da tsinin sauti. Wurin kowane mataki lissafi ne tsantsa: a raba tsawon da 17.817, abin da ya fito, milimita 36.4, shi ne nisan mataki na farko, a cire shi a sake raba ragowar, haka har zuwa ƙarshe, kuma na goma sha biyu dole ya faɗo a tsakiya daidai, kan 324. Na kan yi tunanin abin da wannan lissafi ya ɗaure. Wuyan gurmi da na kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ba su da matakai, yatsa yana sauka inda muryar mawaƙi take, yana bin hawa da saukar karin harshe. Matakai suna yanka wannan hanya gida goma sha biyu daidai wa daida bisa tsarin Turai. Makaɗan Sahara sun sami hanyar zagaye shingen ta hanyar ja da sakin tsirkiya da saurin bugun yatsa, shi ya sa muka zaɓi matakai masu ɗan tsayi, waɗanda ke ba yatsa damar tura tsirkiya gefe ba tare da ya goge allo ba. Mun kuma jira har watan Janairu kafin mu kafa su. Idan aka kafa matakai da damina, itace yana kumbure, to da hunturu allo zai tsuke ƙarfe kuwa ba zai tsuke ba, sai bakunansu su fito gefe suna yankar hannu. Wanda aka kafa aka goge a lokacin da itace ya kai ƙarshen tsukewarsa ba shi da sauran inda zai fito.

Yanzu ga matatsai, inda a ganina sautin yake zaune. Ginin matatsi ba shi da wuyar fahimta: sandunan maganaɗisu shida, ɗaya ƙarƙashin kowace tsirkiya, an naɗe su da wayar jan ƙarfe siririya. Maganaɗisu yana mayar da tsirkiyar ƙarfe ta zama ɗan maganaɗisu ita ma, idan ta motsa sai lantarki kaɗan ya taso a cikin naɗin, a tura shi amfilifaya. Matatsin Stratocaster yana ɗauke da naɗi wajen 8,000 na wayar da kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, siririya kamar gashin kai, tsawonta kuma ya haura kilomita guda. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi amma yana dusashe tsini, ƙarancinsa yana ba da sauti garau amma marar nauyi. Matsalar mai naɗi ɗaya ita ce yana kwasar gurnanin wutar lantarkin da ke kewaye da shi. Seth Lover na Gibson ya magance wannan a 1955 da naɗi biyu masu saɓanin juyi da saɓanin maganaɗisu, waɗanda ke kashe gurnanin su bar sautin tsirkiya, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Farashin wannan shiru shi ne sautin yana yin kauri, tsininsa ya ragu.

A nan muka yi ja-in-ja da yaron. Ni na duba inda zai yi kiɗa: filin biki, da janareto yana ruri a bayan rumfa, da wayoyin da ba a haɗa su da ƙasa ba, da fitilu da cajojin waya masu araha waɗanda kowannensu ke watsa hayaniyarsa. Hankali ya ce a sa mai naɗi biyu. Shi kuma ya kunna mini kiɗan Bombino ya ce, "Kawu, saurara, wannan ƙarar kamar gilashi ba za ta fito daga mai naɗi biyu ba." Na saurara, kuma kunnena ya ba shi gaskiya. Jitar tasa ce, ba tawa ba. Muka tsaya a kan masu naɗi ɗaya guda uku, amma aka juya naɗi da maganaɗisun na tsakiya, ta yadda idan aka haɗa shi da na gaba ko na baya, su biyun za su yi aikin kashe gurnani. Makunnin mai matsayi biyar, wanda Fender ya mayar da shi ƙa'ida a 1977, yana ba shi matsayi biyu na shiru da zai fake a cikinsu idan wutar wuri ta yi muni. Ramukan jikin kuma muka shimfiɗe su da takardar jan ƙarfe muka haɗa ta da wayar ƙasa.

Matatsai masu suna sun fi ƙarfin kuɗin da ya rage, na araha kuma maganaɗisunsu da naɗinsu ba su da tabbas. Sai muka yi odar sandunan alniko, wato gaurayen alminiyam da nikel da kobalt da ƙarfe, da ƙunshin waya guda, muka kai wa wani mai naɗin koyil ɗin fanka. Ya juya wayar a yatsunsa ya ce bai taɓa naɗa mai sirantar haka ba, amma hannun da ya shekara ashirin yana jin ɗaurin waya bai buƙaci dogon bayani ba. Da tsohon keken ɗinki ya yi aikin, yana ƙirga juyi, yaron yana rubutawa. Mun ba na kusa da jaki naɗi mafi yawa, domin a can motsin tsirkiya ya fi ƙanƙanta, na kusa da wuya kuma mafi ƙaranci. Bayan nan aka tsoma su cikin narkakken kyandir da aka gauraya da kakin zuma domin naɗin ya daskare, in ba haka ba sako-sakon waya yana girgiza ya haifar da kururuwa idan aka ƙure ƙara.

Bahagonci ya sake shigowa ta wata ƙofa. A Stratocaster matatsin jaki a karkace yake, ya fi kusa da jaki ta wajen siraran tsirkiyoyi, abin da ke ƙara musu tsini. Jimi Hendrix, da yake jitar na-dama ya kifa ya sake jera tsirkiyoyinta, karkatar ta juye masa: masu kauri suka sami tsini, sirara suka yi taushi. Da yake mu muke ƙwaƙule ramin, muna da zaɓi, kuma na Hendrix muka bi, saboda lasifikokin haya da ake samu a bukukuwanmu sun riga sun cika tsawa a sama, ba sa buƙatar ƙari.

Ƙarafa ba su da daɗin labari, amma su suka ci kaso mafi girma na kuɗin, kuma da gangan na yi haka. Jita mai kyakkyawan sauti da ba ta riƙe saiti ba ta da amfani ga mai kiɗa a gaban jama'a. Mun sayi mamurɗan tsirkiya rufaffu, waɗanda ƙura ba ta shiga haƙoransu, masu juyi 18 kafin sandar ta zaga sau ɗaya, kuma sai da muka tabbatar na bahago ne, domin jerin shida a gefe guda ba ya juyuwa. Jaki mai lilo, wanda ake danna hannunsa sauti ya yi karkarwa, yaron ya so shi, amma na hana: yana tsaye ne a kan ma'auni tsakanin tsirkiyoyi da sifirin, tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar su fita saiti, kuma na bahago wuyar samu gare shi idan ya lalace. Kafaffen jaki muka sa, mai sirdi shida da ake matsar da kowanne gaba ko baya, na ƙarfen da ba ya tsatsa, saboda gumin bazara yana cin ƙarfe mai rufin kwalliya cikin shekara guda. Ƙaramin jakin sama daga ƙashin ƙafar saniya muka fitar da shi, wanda mahauci ya ba mu kyauta, aka dafa aka cire maiƙonsa aka shanya. Wuya kuwa da sukuru huɗu muka ɗaure shi a jiki, irin na Leo Fender, ba da gam ba irin na Gibson. Mai gyaran rediyo ya yi tunanin ranar da abu zai lalace, kuma idan maɗacin nan ya saɓa alkawari wata rana, za a kwance shi a sa wani ba tare da an taɓa sauran jitar ba.

Ba mu fesa fenti ba, domin ƙurar hunturu ba ta barin fenti ya bushe da tsabta. Mai muka shafa, shafi bakwai, ana gogewa tsakanin kowane biyu, afara ta fito ruwan zuma da ɗigon zarenta a bayyane. Jitar ta tashi kilo uku da gram ɗari shida. Zuwa yanzu ta ga damina biyu da hunturu biyu. A farkon kowace damina wuyan yana ɗan komawa baya, sai a sassauta sandar ciki da rubu'in juyi, idan iskar gabas ta fara kaɗawa a watan Nuwamba kuma a mayar da shi. Yaron ya koyi yin wannan da kansa: yana danne tsirkiya a mataki na farko da na ƙarshe, ya duba tazarar da ta rage a tsakiya, in ta wuce kaurin katin waya ya ɗauko makulli.